Jiniyar jirgi da haƙƙin ɗan kallo: abin dubawa kafin dogo ya iso Maraɗi

A ƙasar Amurka akwai wasu bayin Allah waɗanda babu abin da suke ƙauna kamar su ga jirgin ƙasa yana wucewa. Sukan yi asubanci su tafi bakin dogo da na'urar ɗaukar hoto, su ƙirga taragai, su rubuta lambar kan jirgi, su naɗi ƙarar jiniyarsa. Cikinsu har da waɗanda daga jin jiniyar za su gaya maka irin jirgin da ke tafe. Tun shekara ta 1940 suke da mujallarsu mai suna Trains. Shekarun nan kuwa suna cikin damuwa, domin garuruwa suna ta rufe wuraren da hanyar mota ke tsallaka dogo, wasu kuma suna hana jirgi busa jiniya cikin unguwanni.

Mai karatu zai iya cewa: ina ruwan ɗan kasuwar Maraɗi ko ma'aikacin gwamnati na Damagaram da koken ƙosassun Amurkawa? Mu da ko jirgin ba mu da shi? Ruwanmu shi ne, ran 9 ga watan Fabrairu na 2021 shugaban Najeriya na wannan lokaci, Muhammadu Buhari, ya aza harsashin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, wanda zai ratsa Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Duk ranar da ya iso, tambayoyin da Amurkawa ke gardama a kansu za su faɗo mana: ina za a tsallaka, ina za a rufe, wa zai yanke hukunci, wa kuma za a bari ya tsaya ya gani. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane.

Bari mu fara da jiniya. A shekara ta 1984 jihar Fulorida ta ba garuruwanta damar hana jiragen wani kamfani busa da dare, daga ƙarfe 10 zuwa 6 na safe, a matsallakan da ke da shinge da fitila. Mutane suka samu barci, amma da hukumar jiragen ƙasa ta tarayya ta yi lissafi sai ta tarar haɗarin dare a waɗannan wurare ya kusa ninkawa sau uku. Cikin 1991 ta ba da umurnin gaggawa a koma busa. A 1994 majalisar dokokin ƙasar ta ce a tsara doka guda ga ƙasa baki ɗaya, dokar kuwa ba ta fara aiki ba sai watan Yuni na 2005. Ta wajabta wa direban jirgi ya fara busa tun saura daƙiƙa 15 zuwa 20 ya iso matsallaka: doguwa biyu, gajera ɗaya, doguwa ɗaya, da ƙarfin da bai gaza desibel 96 ba, bai kuma wuce 110 ba.

Dokar nan ita ce kuma ta buɗe ƙofar abin da suke kira yankin shiru. Garin da ke son jirgi ya wuce shiru sai ya cika sharuɗɗa. Tilas yankin ya kai tsawon kimanin mita 800, tilas kowace matsallaka ta jama'a da ke cikinsa ta kasance da shinge da fitila mai ƙyaftawa, sannan a nuna cewa haɗarin da rashin jiniya zai jawo an rage shi ta wata hanya: a sa shinge huɗu da za su toshe hanya gaba ɗaya, ko a gina dakali tsakiyar titi don kada mai mota ya zagaye shingen, ko kuma a rufe matsallakar har abada. Galibi garin da ya nemi shirun shi ke biyan kuɗin aikin. Duk da haka direba yana da ikon busawa in ya hangi mutum ko mota a kan dogo.

Rufewa kuwa ita ce mafi arha, shi ya sa kamfanoni da gwamnati ke ƙaunarta. Ƙasar tana da matsallaka sama da dubu 200. A 1972 karo tsakanin jirgi da mota yakan kai dubu 12 a shekara, yanzu ya sauko wajen dubu 2, rage yawan matsallakan yana cikin dalilai. Dokar gine-gine ta 2021 ta ɗaga ladan da ake ba garin da ya yarda ya rufe matsallaka daga dala 7,500 zuwa dala dubu 100, wato sama da miliyan 50 na sefa, ta kuma ware dala miliyan dubu 3 don kawar da matsallakai, musamman ta hanyar gina gadoji na sama da na ƙarƙashi.

To, me ƴan kallo suka rasa? Abu biyu. Na farko jiniyar kanta. Ita ke sanar da su jirgi ya kusa don su shirya, ita ce kuma rabin daɗin abin. Jirgin da ya wuce shiru, a wurinsu, kamar hawan salla ne babu algaita. Na biyu ya fi nauyi. A Amurka dogo da filin da ke gefensa mallakar kamfanoni ne galibi, shiga cikinsa ba izini laifi ne. Matsallakar jama'a na cikin wurare ƙalilan da mutum zai tsaya dab da dogo bai taka doka ba. In an rufe ta an ja waya, sai ɗan kallo ya zaɓa: ko ya haƙura, ko ya saci hanya ya shiga inda aka hana. Alhali masu tafiya kan dogo ba izini su ne suka fi yawa cikin waɗanda jirgi ke kashewa a ƙasar, sun ɗara waɗanda ke mutuwa a matsallaka.

A ganinmu, in aka aza sha'awar ɗan kallo da ran mutum a kan sikeli, babu gardama: rai ne gaba. Matsallakar da ke cin mutane a rufe ta, ko da masu hoto sun yi kuka. Haka nan wanda ya kwana ashirin bai yi barci ba saboda jiniya yana da hujjarsa. Amma inda muke son mai karatu ya tsaya shi ne yadda wasu garuruwan suka warware abin. Garin Roshel na jihar Ilinoi, inda dogayen Union Pacific da BNSF ke giciye juna, ya buɗe dandalin kallon jirgi a 1998, da rumfa da wurin zama. Garin Fokston na jihar Jojiya ya gina irin wannan dakali a 2001. Baƙi suna zuwa daga nesa, masu abinci da masaukai suna cin kasuwa. Bayan harin 11 ga Satumba na 2001 ƴan sanda sun riƙa tsare masu ɗaukar hoton jirgi da tambayoyi, amma a 2006 kamfanin BNSF ya gane cewa mutanen nan idanu ne na kyauta, ya buɗe rajista yana roƙon su kai rahoton duk abin da suka gani ba daidai ba a kan dogo. Wanda ake yi wa kallon ɓarawo ya zama mai gadi.

Yanzu mu dawo gida, inda ciwon yake. Mu a Nijar mun fi kowa sanin kallon jirgi, sai dai namu kallon na jira ne. Dogo ya iso Kano tun 1911, ya kai Ƙaura Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930. Ta yamma kuma ya taso daga Kwatano ya tsaya Paraku, kilomita 438, cikin shekarun 1930. Kakanninmu sun yi ta jigilar gyaɗa a kan raƙuma, daga baya a kan manyan motoci, suna bin jirgi har ƙasashen maƙwabta. A 1959 aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Dahome da Nijar don sufurin dogo, muka zama masu rabo a jirgin da bai taɓa taka ƙasarmu ba. Ran 7 ga Afrilu na 2014 shugaba Mahamadu Isufu ya buɗe tashar jirgi a birnin Yamai, cikin Janairu na 2016 aka yi bikin kammala dogon Yamai zuwa Doso, kilomita 143, wanda kamfanin Bolloré ya shimfiɗa. An yi kiɗa, an yi jawabi, jama'a sun yi kallo. Daga nan shari'a ta sarƙe tsakanin kamfanin da attajirin Benin Samuel Dossou, ba a haɗa dogon da Paraku ba, jirgin kasuwanci bai taɓa zirga-zirga a kansa ba. Wa ya tambayi mazauna unguwannin da aka ratsa da ƙarfe inda suke son tsallakawa? Wa ya ga takardun yarjejeniyar kafin a sa hannu? An gayyaci talaka kallo ranar biki, ranar shawara kuwa ba a neme shi ba.

Rufe iyakar Benin bayan juyin mulkin Yuli na 2023 ya koya wa ƴan kasuwa tsadar dogara ga hanya guda. Saboda haka babu mai hankalin da zai ƙi dogon Kano. Amma dogo katanga ce da aka kwantar a ƙasa. Tsakanin iyaka da birnin Maraɗi ƙasar Madarunfa ce, ƙasar gonaki da kasuwannin mako da garkunan shanu. Duk inda ƙarfe ya ratsa, zai raba ƙauye da gonarsa, ko unguwa da rijiyarta, ko makiyayi da mashayarsa. Injiniyan da ke zaune a ofis zai so matsallaka kaɗan, don kowace ɗaya kuɗi ce kuma haɗari ce. Mai amalanke kuwa da aka ce ya zagaya tafiyar rabin yini ba zai zagaya ba. Zai yanke waya ya tsallaka inda ya saba, ranar da tsautsayi ya gitta a ce laifinsa ne.

Ma'aikatan gwamnati kada su ɗauka wannan matsalar mutanen karkara ce kaɗai. Ran 9 ga Maris na 2023 a Ikeja ta Legas jirgi ya kwashi motar safa cike da ma'aikatan jiha suna tafiya aiki, mutum 6 suka rasu, da dama suka jikkata. A matsallaka abin ya faru, da safe, cikin gari. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Don haka muke kira ga magabata da abubuwa huɗu.

Na ɗaya, a fito da taswirar dogon da jerin matsallakansa, a liƙa ta a ma'aikatun magajin gari da fadojin sarakuna, a karanta ta a rediyo da Hausa da Fulatanci, tun ba a gama zuba tsakuwa ba. Shugabannin garuruwa, zaɓaɓɓu ne ko naɗaɗɗu, su tara ƴan kasuwa, manoma, makiyaya da direbobi su ji ta bakinsu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na biyu, kada a toshe wata hanya sai an buɗe madadinta kusa. Burtali ba kyauta ba ce da ake yi wa makiyayi. Dokar karkara ta watan Maris na 1993 da dokar kiwo ta watan Mayu na 2010 sun tsare hanyoyin dabbobi, kwamitocin filaye kuma an kafa su ne don irin wannan rana. A kira su a zauna, a haƙa wa dabbobi mashiga ta ƙarƙashin dogo inda ya kamata.

Na uku, kada kowa ya kwaso mana zancen yankin shiru. Mun san halinmu: ranar da jiniya ta hana wani babba barci, za a nemi takardar da za ta sa jirgi ya yi shiru a unguwarsa. Amurka da ke da wuta dare da rana ta gwada a Fulorida, ta ƙirga gawawwaki, ta janye, ba ta sake yarda ba sai da sharuɗɗa masu tsada. A ƙasar da lantarki ke ɗaukewa, fitilar matsallaka ba abin dogara ba ce. Jiniya da mai gadi riƙe da tuta su ne rigakafinmu. A ɗauki masu gadin aiki, a koya musu, a kuma biya su albashinsu a kan lokaci.

Na huɗu, a ba ɗan kallo wurinsa. Yaran da ba su taɓa ganin jirgi ba za su yi tururuwa zuwa bakin dogo, ko an so ko an ƙi, dattawa ma haka. Bulalar jandarma ba za ta hana su ba, sai dai ta kora su inda babu mai gani. A ware fili kusa da tasha, a yi masa shinge da rumfa, masu tuwo da shayi su samu abin yi, malaman lakkal su kawo ɗalibai a nuna musu cewa jirgi mai nauyi yakan yi tafiyar da ta fi kilomita guda kafin birki ya tsayar da shi. Kada kuma a mai da mai ɗaukar hoto ɗan leƙen asiri. Wanda ke zama bakin dogo kullum shi zai fara ganin an kwance ƙusa, shi zai san ko jirgin da aka yi alkawarin zai zo kullum sau ɗaya yake zuwa a wata, shi zai ƙirga taragai ya gane ko kayan da aka rubuta a duwan su ne suka wuce. Hukumar da ba ta da abin ɓoyewa ba ta tsoron irin wannan ido.

Ƴan kallon Amurka suna kukan jiniyar da suka saba ji. Mu ba mu taɓa sabawa da ita ba, don haka muna da damar da su ba su samu ba: mu tsara matsallakanmu kafin jirgin farko ya busa. In mun bari sai an binne mutum na farko sannan aka kafa kwamiti, kada mu ce ba a faɗa mana ba. Allah ya kawo jirgin lafiya, ya kuma ba magabata kunnen saurare.