Ruwan kaka aikin jika ne

A watan Afrilu da Mayu, zafi yakan wuce digiri 40 a Maraɗi da Damagaram da Tawa. Yaro in ya ji ƙishirwa, sai ya ruga wurin randa. Tsoho kuwa ƙishirwa ba ta kama shi da wuri, kuma ba ya yin gumi sosai. Sai ruwan jikinsa ya ragu bai sani ba. A farkon Afrilu na 2024, cikin azumi, zafi ya wuce digiri 48 a garin Kayes na ƙasar Mali. Mutane da yawa suka mutu a Bamako, galibinsu tsofaffi.

Don haka bai kamata a jira kaka ta nemi ruwa ba. In ɗanta ya miƙa mata, tana iya cewa ta ƙoshi, shi kuma ya yi shiru don kunya. Amma jika abokin wasanta ne. Yana iya tsayawa da moɗa a hannu, yana tsokanarta har ta shanye.

Da tsakar rana ɗakin kwano tanderu ne. Gara a shimfiɗa mata tabarma ƙarƙashin bedi, a ɗora mata jiƙaƙƙen zane a wuya, a yi mata fifita.

To, azumi fa? Addini ya yi sauƙi ga tsohon da ba ya iyawa: ya sha, a ciyar da miskini.

In kaka ta fara jiri, ko maganarta ta rikice, jikinta zafi rau, wasa ya ƙare. A kira babba, a zuba mata ruwa a jiki, a kai ta likita nan da nan.