Jini Zai Iya Faɗin Abin da Ke Faruwa a Ƙwaƙwalwa?

Shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce: ko gudan jini ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, wadda ita ta fi yawa, ko jijiyar ta fashe. Alamominsu kusan ɗaya ne: baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe. Allurar narkar da gudan jini tana ceton mai toshewa cikin sa'o'i huɗu da rabi na farko, amma tana iya kashe mai fashewa. Hoton CT ke raba gardama, kuma mun san ba kowane asibitinmu ke da injin ba.

Shi ya sa masu bincike suka koma kan maikro-RNA, wasu mitsi-mitsin sinadarai da ke rage aikin ƙwayoyin gado. Amurkawa biyu, Victor Ambros da Gary Ruvkun, suka gano su a jikin wata 'yar tsutsa a 1993, aikin da ya jawo musu kyautar Nobel a 2024. Idan ƙwaƙwalwa ta ji rauni, yawan wasunsu, kamar miR-124, yakan canza a cikin jini. Burin shi ne a ɗebi jini kaɗan a gane irin ciwon.

Gwajin bai iso asibiti ba tukuna, don sakamakon bincike yana saɓawa juna. Idan kun ga bakin kaka ya karkace, ku duba agogo, a garzaya asibiti; likita zai tambayi lokacin da abin ya fara.