Buɗaɗɗen Rumbun Ilmi: Ina Rabon Daura?

Sanin kowa ne cewa duk wanda ya tashi nazarin asalin Hausa Bakwai, da Daura yake farawa. A nan rijiyar Kusugu take, a nan kuma aka ɗaura labarin Bayajida da Daurama. Sai dai abin mamaki, ɗalibin da ke zaune a Daura, ko Zango, ko Ɓaure, ko Mai'aduwa, ko Sandamu, shi ya fi kowa wahalar samun abin da masana suka rubuta a kan ƙasarsa. Alal misali, H. R. Palmer ya kawo labarin Bayajida a cikin Sudanese Memoirs a 1928, M. G. Smith kuma ya wallafa The Affairs of Daura a Amurka a 1978. Takardun zamanin mulkin mallaka suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, kundayen digiri kuwa suna jibge a kantocin jami'o'i. Ashe ke nan ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Maganin wannan matsala ya samu tuni, shi ne buɗaɗɗen rumbun ilmi na intanet. Ma'anarsa ita ce ma'ajiya wadda manazarci zai zuba maƙalarsa ko kundinsa, kowa ya karanta ba tare da biyan ko kwabo ba. Masana kimiyyar fiziks ne suka share fage da rumbun arXiv a 1991. A 2002 aka fitar da Sanarwar Budafes, wadda ta yi kira da a buɗe wa duniya sakamakon bincike. A 2003 kuma ma'aikatan laburare suka kafa nasu rumbun na ƙasa da ƙasa mai suna E-LIS, domin nazarce-nazarcen da suka shafi laburare da sarrafa bayanai, bisa tsarin karɓar rubutu cikin kowane harshe muddin an haɗa shi da taƙaitawa cikin Ingilishi. A gida Nijeriya, Jami'ar Jos ta buɗe rumbunta a 2009, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma ta kafa nata mai suna Kubanni.

To, me ya haɗa ɗalibin Hausa da rumbun ma'aikatan laburare? Abin da ya haɗa su shi ne, ajiye rubutu daban, gano shi daban. Rubutun Hausa yana da matsalolin da ba a san su a Ingila ko Faransa ba. Idan mai shigar da bayani ya rubuta «ƙasa» mai nema kuma ya buga «kasa», na'ura tana iya ɗaukarsu kalmomi biyu, kundin ya ɓace alhali yana nan. Haka kuma wani zai rubuta Bayajida, wani Bayajidda, wani Abuyazidu. Rubutun ajami kuwa, idan aka ɗauki hotonsa kawai ba tare da bayanin marubuci da zamani da jigo ba, tamkar an binne shi ne a karo na biyu. Ma'aikacin laburare ya san tsarin rajista, amma ɗan sashen Hausa ne ya san ƙa'idojin rubutu da bambancin karin Dauranci da Kananci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk abin da suka gano tare ya cancanci a zuba shi a rumbun duniya, domin masu fama da irin wannan matsala a Damagaram ko Maraɗi su amfana.

Akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Na farko suna cewa buɗe kundaye zai sauƙaƙa satar fasaha. Amma a duhu ɓarawo ya fi jin daɗin aiki. Kundin da ke kulle a kanta ana iya kwafe shi a kai wata jami'a ba wanda ya sani, wanda yake a fili da sunan mai shi da shekararsa kuwa, shi ne shaidar kansa. Na biyu suna cewa tsofaffin takardun gidajen malamai da na fada gadon iyali ne. Wannan gaskiya ce, don haka kada a ɗauki hoton ko shafi guda sai da yardar masu shi, asalin takardar kuma ta zauna a hannunsu. Na uku su ne masu kuka da rashin wutar lantarki da tsadar data. Wannan ma gaskiya ce, amma sauke kundi guda a waya bai kai kuɗin mota daga Daura zuwa Zariya ba, balle masauki da abinci.

Saboda haka abubuwa uku suka kamata. Da farko, kowane sashen Hausa ya wajabta wa ɗalibin da ya kammala babban digiri miƙa kundinsa ga rumbun jami'a, da taƙaitawa cikin Hausa da Ingilishi. Na biyu, a haɗu da sassan nazarin laburare a tsara jerin daidaitattun kalmomin nema. Na uku, manyan makarantun da ke Daura, irin su Kwalejin Yusufu Bala Usman da Kwalejin Fasaha ta Tarayya, su haɗa kai da masarauta wajen tattara duk abin da aka rubuta a kan ƙasar.

Daga ƙarshe, tarihin Daura ya tsallake rabuwar gidan sarauta zuwa Zango da Ɓaure bayan jihadi, har aka mayar da Malam Musa gadon kakanninsa a 1906, saboda an sami masu riƙe shi suna miƙa wa na baya. Zai zama abin kunya a ce gara da ƙura ne suka ci abin da yaƙi bai ci ba.