Kafin ka sayi karen da ka gani a TikTok, duba ɗakinka da maƙwabtanka

Wani sabon yayi ya shigo tsakanin matasa a Katsina da Kano da Zariya: ajiye karen Turawa. Za ka ga saurayi ya ɗora bidiyo yana jan Husky ko German Shepherd, ana ta yi masa tafi a ƙasan bidiyon. Abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne inda karen yake kwana. Sau da yawa ɗaki ɗaya ne a gidan haya, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya, ga yaran mutane suna kai da kawo.

Kare dai ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A Wagini da sauran ƙauyukan Batsari da Safana da ke gefen dajin Rugu, kare ma'aikaci ne. Mafarauci na fita da shi, makiyayi na tafiya da shi, kuma a shekarun nan na matsalar 'yan bindiga haushinsa da tsakar dare na iya zama gargaɗin farko da gida zai samu. A can yana da fili, yana da aiki. Wannan ya yi daidai da abin da ake karantawa a zaurukanmu: Risala ta Ibn Abi Zaid ta taƙaita ajiye kare ga tsaron gona, kiwo da farauta, malamai da yawa kuma sun haɗa da gadin gida idan akwai buƙata. To kai da ke ɗakin haya a birni, wane aiki zai yi maka?

Sai batun irin karen. Husky asalinsa Saiberiya ne, inda ake amfani da shi wajen jan kaya a kan ƙanƙara, gashinsa ninki biyu ne. Ka kawo shi Katsina, inda zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, ka kulle shi a ɗakin da ba wuta balle fanka, wallahi wannan azabtarwa ce. Caucasian karen tsaunuka ne da ke kai kilo 50 ko fiye, Boerboel kuma karen gonakin Afirka ta Kudu ne. Dukkansu suna buƙatar fili, motsa jiki kullum, da abinci mai yawa. Kare mai ƙarfi da aka ɗaure yini guda yakan zama mafaɗaci, ranar da sarƙa ta tsinke kuwa ɗan maƙwabci ne a gaba.

Wasu za su ce ai akwai ƙanana da ake ajiyewa a gidajen bene a Turai da Amurka. Gaskiya ne. Amma masu gajeren hanci irin su Pug da Bulldog numfashi na yi musu wuya a zafi, Lhasa kuma yana da yawan haushi, ga gashin da sai an riƙa tajewa. Sannan a can mai kare yana da ƙofarsa shi kaɗai. A nan tsakar gida ta kowa ce: nan ake shanya, nan ake alwala, nan ake ajiye kwanuka. Ba adalci ba ne ka ɗora wa gida guda abin da kai kaɗai ka zaɓa.

Babban abin tsoron shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamomi sun bayyana, da wuya mutum ya tashi. Alhali rigakafinsa na nan: ana yi wa ɗan kwikwiyo allura yana wata 3, a riƙa sabuntawa yadda likitan dabbobi ya tsara. Idan kuma kare ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a wuce asibiti nan take, kar a tsaya jiran ganin abin da zai faru.

Ra'ayina a nan shi ne, idan ɗakin haya kake, kuma tsakar gida ta haɗa ka da wasu, ka haƙura da kare, kowane iri ne. Idan kana da gidanka mai katanga kuma kana buƙatar gadi, karen gida na Hausa ya fi maka: ya saba da zafinmu, yana cin abin da gida ya ci, bai da tsadar kulawa. Kar mu raina na Sahel. Azawakh, karen Buzaye na Nijar da Mali, yau masu kiwon karnuka a Turai nemansa suke yi.

Don haka ɗan uwa, kafin ka tura wa dillali kuɗi, ka tambayi mai gida, ka tambayi maƙwabta, ka lissafa kuɗin abinci da allura na shekara goma, domin kare kan kai haka a raye. Idan lissafin bai fita ba, ka bar shi a waya, ka ci gaba da kallo.