Afuwa Ba Ciniki Ba Ce: Darasin Neja Delta da Katsina ga Dapaong

Tun watan Mayun 2022, da mahara suka kashe sojojin Togo 8 a Kpékpakandi, yankin Savanes mai hedikwata a Dapaong bai sake samun natsuwa ba. A watan Yuni aka kafa dokar ta-ɓaci. Duk inda rikici ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, akan samu masu cewa a yi afuwa, a biya, a huta. Kafin mahukuntan Lome su saurari irin wannan shawara, ya kamata su waiwayi Nijeriya.

A ranar 25 ga Yunin 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi wa tsagerun Neja Delta afuwa. Kimanin mutum 30,000 suka shiga shirin, aka yanka wa kowa naira 65,000 a wata. Gaskiya ne harbe-harbe sun lafa, haƙar mai ta farfaɗo. Amma gurɓatattun koguna da rashin aikin yi, waɗanda su ne tushen fitinar, suna nan yadda suke. A 2016 wata sabuwar ƙungiya ta koma fasa bututu. A 2018 da 2020 aka raba shugabannin shirin biyu da kujerunsu bisa zargin almundahana. A 2022 kamfanin da ke da alaƙa da Tompolo, tsohon madugun tsagerun, ya samu kwangilar gadin bututun. An bai wa kura ajiyar nama, matasa kuma sun gane cewa bindiga ta fi takardar makaranta saurin buɗe baitulmali.

Katsina ta bi sawu. Gwamna Aminu Bello Masari ya yi sulhu da 'yan bindiga a 2016 da 2019. A Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara. Auwalu Daudawa, jagoran satar, ya miƙa makamai a Zamfara a Fabrairun 2021, bai cika wata uku ba ya koma daji.

Sulhu alheri ne, babu mai musu. Sai dai afuwar da ba ta tafe da hukunta masu kisa, da diyya ga waɗanda aka zalunta, da bin diddigin kowane kwabo, lada ce ga mai laifi. Idan akwai kuɗin da za a kashe a Savanes, manomi da makiyayi da ɗan gudun hijirar da ba su taɓa ɗaukar makami ba su ne suka fi cancanta. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.