A Tantance Rajistar Inshorar Lafiyar Marasa Ƙarfi

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon fili in yi magana kan inshorar lafiyar marasa ƙarfi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. Daga cikin wannan kaso, ana biyan asibiti kuɗi a kan kowane sunan da ke rajista, mutum ya zo ko bai zo ba. Duk da haka maƙwabciyata mai ciki ta je da katinta, aka ce babu magani, sai a kemis ta saya. To ina kuɗin suka shiga?

Tunda a kan suna ake biya, ina kira ga hukumomi su bi rajistar suna bayan suna, su cire mamata da waɗanda suka ƙaura, su sa mabuƙata na gaskiya. Don Allah kada a fake da rage ɓarna a cire talaka daga tsarin.

Mai karatu, daga Kano