Zaman Karkara: Akurki Mai Tashi, Garkuwar Ƴan Tsaki

Kowace kasuwar mako, daga Tasawa zuwa Madawa, tana da kusurwar kaji, kuma akasarin abin da ake ciniki a wurin dukiyar mata ce. Kaza ita ce asusun macen karkara: ita ake kamawa idan yaro ya kwana da zazzaɓi, ita ke sayen littafin ɗan lakwal, ita kuma ke fid da maigida kunya ranar da baƙo ya yi sallama ba zato. Sai dai wannan asusu a huje yake. Kazar gida takan kwanta sau uku ko huɗu a shekara a kan ƙwai 10 zuwa 15, ta ƙyanƙyashe bayan kwana 21, amma kafin wata biyu ya cika sau da yawa rabin ƴan tsakin sun salwanta.

Masu wannan ɓarna sanannu ne. Da rana akwai shaho da shirwa, da dare akwai muzuru da tunku da maciji. Ba banza ba aka ce kaza mai ƴaƴa ita ke tsoron shirwa. Akwai kuma abokin gaba na cikin gida, wato akurkin laka da aka saba ginawa a gindin rumbu. Duhu gare shi, iska ba ta ratsa shi, tsintsiya ba ta kai wa lungunansa. A cikin tsagoginsa ƙuma da kaskar kaji ke ɓuya, su fito da dare su sha jini, har kaza ta rame ta gudu ta bar ƙwanta.

Maganin waɗannan matsaloli guda biyu shi ne akurki marar nauyi, marar daɓe, wanda mutum biyu za su ɗaga su sauya masa wuri kowace safiya. Ba ya bukatar siminti ko kwano, balle jiran wani tallafi daga waje. Kayansa duk suna bakin gona. Tun daga shekarun 1980 manoman jihar Maraɗi suka rungumi sassaben zamani, wato barin tohon itatuwa a gona ana rage masa rassa, kuma dabarar ta bazu zuwa Damagaram da Tawa. Rassan da ake ragewa, na sabara da geza da kalgo, su ne kayan aikin. Sai sandunan dogon yaro, da zanar gamba, da igiyar kaba irin wadda mutanen Gulbin Kaba suka gwanance da tufkawa. Ba sai an sare itace daga tushe ba, saboda haka babu abin da zai haɗa mai aikin da ma'aikatan gandun daji.

Ga yadda ake haɗa shi. A sami miƙaƙƙun sanduna biyu masu kaurin ƙotar fartanya, kowace tsawon mita biyu da rabi, a shimfiɗa su a ƙasa da tazarar mita ɗaya tsakaninsu. A gitta musu gajerun sanduna uku, a ɗaure tamau, ta yadda cikin akurkin zai zama mita biyu, ragowar kuma ta fito gaba da baya ta zama mariƙa. Daga nan a ɗauko tsumagun geza tun suna ɗanye, domin busasshe karyewa yake, a lanƙwasa su daga wannan sanda zuwa waccan kamar bakan gizo, tsayin tsakiyarsu ya kai santimita 70. A ɗora doguwar sanda guda a bisa ƙoli ta riƙe su duka.

Saƙar jiki ita ce wurin da ake gane gwani. Daga ƙasa zuwa tsayin taƙi biyu, kada tazarar tsumagu ta wuce kaurin yatsa, don kada ɗan tsako ya fice ko maciji ya shiga. Daga nan zuwa sama ana iya sassautawa, haske da iska su samu hanya. Wanda ke da halin sayen ragar waya ya saya, amma saƙar geza mai kyau ta wadatar. Sulusin akurkin a lulluɓe shi da zana ninki biyu, ya zama ɗakin kwana da mafakar ruwa da rana. A ciki a aje fasasshen tulu da ɗan yayi domin kwanci, a gitta sanda guda domin masu hawa. Ƙofa kuwa ƙarama ce a gefe, mai maɗauri biyu, wadda hannu zai shiga ba tare da an ɗaga akurkin ba. Irin wannan girma ya ishi kaza guda da ƴaƴanta, ko manyan kaji huɗu zuwa biyar. Cunkoso ke sa su tsattsagar juna.

Sirrin abin yana ga tashin. Kowace safiya a gusa da akurkin gaba da tsawonsa guda. Kaji su sami sabuwar ƙasa mai ƙwari da ciyawa, su bar ƙazantar jiya a baya tare da ƙwayayen tsutsar ciki da ke cikinta. Gara ma ba ta samun sukunin kama itacen da ba ya kwana biyu wuri ɗaya. Abin da aka bari a baya kuwa taki ne, kuma kashin kaji ya fi na shanu ƙarfi nesa. Manomi ya daɗe da sanin darajar makiyayi ya kwantar masa da garke a gona bayan girbi, har yakan biya da dammunan gero. Wannan ma hakan ne, a ma'aunin garkar bayan gida. Sai dai ɗanyen kashin kaji yana ƙona shuka, don haka a bar wurin ya huta makonni kaɗan kafin a dasa tumatir ko albasa.

Amma kazar da aka tsare, ciyar da ita ya hau kan mai ita. A ba ta dusa da ɓarzajjen hatsi da ganyen zogale, ƴan tsaki kuma a nemo musu gara. Dubarar tsofaffi tana nan: a cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da karmami, a yayyafa ruwa, a kife ta a kan hanyar gara, a dawo a kwashe da sassafe. Ruwa kada ya yanke, kuma a zuba tsakuwa cikin kaskon don kada ƴan tsaki su nutse. A aje musu toka su yi birgima, tana rage ƙuma. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, wurin akurki gindin itace ne. Da almuru kuma a shigo da shi cikin gida, a danne gefunansa da duwatsu, tun da ba shi da daɓe. Masu sa wa kaza ƙwan zabi da damina su ma za su amfana, domin raɓa da jiƙaƙƙiyar ciyawa ke kashe ƴan zabi, alhali an yi jiran kwana 26 zuwa 28 kafin su fito.

Abu guda ne akurki ba ya iyawa: tare annoba. Cutar da likitocin dabbobi ke kira Niyukasal, wadda ke murɗe wuyan kaza, takan share gari guda cikin ƴan kwanaki, musamman lokacin ɗari. Ba ta da magani, sai allurar rigakafi kafin sanyi ya sauka. Kwalba guda ta ishi kaji masu yawa, saboda haka ƙungiyoyin asusu irin na Mata Masu Dubara, waɗanda suka faro a jihar Maraɗi a 1991, za su iya haɗa kuɗi su gayyato ma'aikacin kiwo rana ɗaya. Mutanen Magariya ba su manta da murar tsuntsaye ta watan Fabrairun 2006 ba. Darasin bai canza ba: kazar da aka sayo daga kasuwa a ware ta mako biyu, wadda ta mutu a binne ta da zurfi, marar lafiya kuma kada a ruga da ita kasuwa. A nan ma akurki mai tashi yana da rana, domin shi ne wurin keɓewa mafi sauƙi.

Aikin yini biyu ne ga magidanci da ɗansa, kuma kaka ce lokacinsa, sa'ad da gamba ta nuna, hannuwa kuma suka huta da noma. Idan daga kowane kwanci aka tsirar da ƴan tsaki uku da a da shirwa ce ke da su, a ƙarshen shekara kaza guda ta ƙara wa uwargida kaji goma. A kasuwar Sallah, wannan ba ƙaramin zance ba ne.